Fitilar gilashi mai launi irin ta Tiffany: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku ke nan da na sayi fitilar tebur mai hular gilashi kala-kala, wadda aka ƙera bisa salon Louis Comfort Tiffany, mai zanen nan na birnin New York a Amurka da ya rasu a 1933. Ba ta asali ba ce, kwaikwayo ce, amma an bi tsohuwar hanyar aikin: an yanka gilashin guntu-guntu, an naɗe bakin kowane guntu da siririn fallen jan ƙarfe, sannan aka haɗe su da narkakkiyar dalma da kuza. Wannan dabara ce ke ba da damar fitar da ƙananan ganyaye da furanni a kan hula mai lanƙwasa, abin da sandunan dalma masu kauri na tagogin coci ba za su iya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne launin, domin a cikin gilashin yake tun daga narki, ba fenti aka shafa ba. Da rana koren ganyen a dushe yake, amma da zarar an kunna ƙwan sai jijiyoyin fari da rawaya su bayyana a cikinsa, kuma babu guntu biyu da suka yi kama da juna.

Inda na ga gazawa shi ne haɗin guntayen gilashin ta cikin hular, wanda aka bari da ƙulli-ƙulli, sannan gindin bai kai nauyin da ya dace da hular ba. Haskenta kuma na hira ne, bai isa karatu ba.