ACCEPT ko READ: wanne ya fi wajen karanta layuka a COBOL?

Ɗan'uwa, ka ce kana tura wa shirinka na COBOL (harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta) fayil ta bututu (pipe) daga tasha (terminal), kana karantawa da ACCEPT, amma idan layukan suka ƙare shirin ba ya tsayawa, sai ya yi ta juyi har ka kashe shi da hannu. Ka tambaya ko READ ya fi. A irin aikin da kake yi, eh, ya fi, kuma ga dalili.

ACCEPT umarni ne mai sauƙi: layi ɗaya ka rubuta, ya ɗauko abin da aka shigar ya zuba a cikin filin da ka tanada. Ba ka buɗe komai, ba ka rufe komai. Matsalarsa ita ce ba shi da AT END, wato ba shi da daidaitacciyar hanyar gaya maka cewa bayanai sun ƙare. Shi ya sa shirinka ke ta juyi. Masu amfani da shi sukan yi dabara ɗaya cikin biyu: ko layin farko ya faɗi adadin layukan da za su biyo baya, ko a ajiye wata kalma ta musamman a ƙarshe da za ta zama alamar tsayawa. Dabarar tana aiki muddin kai ne ke shirya bayanan. Ranar da wani ya ba ka fayil babu alamar, ka koma gidan jiya.

Tarihi ne ya jawo haka. An tsara COBOL a 1959, zamanin katin da ake hudawa mai gurbi 80. Har yau a manyan injinan IBM, ACCEPT yana karantawa ne daga SYSIN, wato mashigar bayanan shirin, inda ake zuba 'yan bayanai kaɗan a cikin JCL (umarnin da ke gaya wa injin yadda zai gudanar da shirin), kamar kwanan watan da za a yi lissafi da shi. Don irin wannan ya dace: tambaya ɗaya, amsa ɗaya.

READ kuwa yana ɗaukar mashigar bayanan a matsayin fayil sak. Yana buƙatar ɗan rubutu. A GnuCOBOL, wato manhajar kyauta da ke harhaɗa shirin COBOL, a sashen FILE-CONTROL sai ka rubuta SELECT SHIGA ASSIGN TO KEYBOARD ORGANIZATION IS LINE SEQUENTIAL, ka bayyana FD (bayanin fayil ɗin) da filin layinka, ka yi OPEN INPUT, sannan ka sa READ cikin PERFORM UNTIL. Idan bayanai suka ƙare, AT END zai kama, ka ɗaga alamar da za ta tsayar da PERFORM UNTIL, ka yi CLOSE. Kada kalmar KEYBOARD ta ruɗe ka, ko ta bututu aka turo bayanan zai karɓa. Ina ba ka shawara ka ƙara FILE STATUS: 00 na nufin an karanta lafiya, 10 na nufin an kai ƙarshe. Da wannan za ka bambance layin da babu komai a cikinsa da ƙarshen fayil, abin da ya fi wahalar da masu ACCEPT.

Wani abu kuma ya shafi duka biyun. Filayen COBOL tsayinsu ƙayyadadde ne. Idan ka tanadi gurbi 200 layin ya zo da haruffa 12, sauran za a cike su da sarari, don haka sai ka yi amfani da FUNCTION TRIM don cire sararin kafin ka buga ko ka kwatanta. Ka kuma ba filin faɗi fiye da layi mafi tsawo da kake tsammani. Lambobi ma kada ka zuba su kai tsaye cikin filin lamba. Karanta su a matsayin rubutu, sannan FUNCTION NUMVAL ya mayar da su lamba.

Idan wata rana za ka kai shirin kan z/OS, tsarin da ke tafiyar da manyan injinan IBM, ASSIGN TO KEYBOARD ba zai yi ba. Can sai ka ɗaura fayil ɗin da sunan DD (sunan da ake ba fayil a cikin JCL) kamar SYSIN, ka bayyana layi mai gurbi 80, madaukin READ ɗin kuma ka bar shi yadda yake.