Oppenheimer ko Top Gun: Maverick? Ga wanda za ka saka a falo da Sallah

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wane fim za ka saka da Sallah tsakanin Oppenheimer da Top Gun: Maverick. Top Gun: Maverick za ka ɗauka. Tunda ka ce talabijin ce mai inci 43, babu wata sifika ta daban, kuma falon zai cika da ƙanne da abokai, to magana ta ƙare tun kafin a kai ga ƙidayar kyaututtuka. Na ga wasu sun yi ta tura ka wajen Oppenheimer saboda ya ci Oska bakwai. Ya ci ɗin, a bikin 2024, har da na fim mafi kyau da na darakta. Sai dai alƙalan Oska ba a falonka suka kalle shi ba, janareta na ruri a bayan taga, yara na shige da fice.

Maverick ya fito a watan Mayun 2022, Joseph Kosinski ya ba da umarni, tsawonsa awa biyu da kusan minti goma. Ci gaba ne na fim ɗin 1986, amma ba sai ka ga na farkon ba. Abu ɗaya kawai ake so ka sani, kuma fim ɗin da kansa zai gaya maka: Maverick matuƙin jirgin yaƙi ne (Tom Cruise ne ya fito a matsayinsa), abokinsa mai suna Goose ya mutu a jirgin da Maverick ke tuƙawa, yanzu kuma ɗansa Rooster na cikin matuƙan da aka ba shi ya horar. Yaron yana riƙe da shi a zuci. Shi ke nan.

Abin da ya sa na fifita shi a taro shi ne yadda aka shimfiɗa aikin da za a je yi. Tun da wuri ake zaunar da matuƙan gaban allo a nuna musu taswira, kai ma mai kallo ana nuna maka. Jirage huɗu za su bi ta wani kwari ƙasa-ƙasa don kada na'urar hangen abokan gaba ta gan su, su hau dutse, su kifa, su jefa bam a wani ɗan ƙaramin wuri, sannan su ɗaga sama a tsaye kafin makamai masu linzami su cim musu. An ba su minti biyu da rabi. Daga nan duk atisayen da aka yi ka san abin da ake gwadawa, ka san wanda ya makara da daƙiƙa nawa. Ko wanda ba ya jin Turanci zai bi, domin agogo ne ke magana. Akwai wurin da aka cire Maverick daga aikin, manya suka ce abin ba zai yiwu ba, suka ƙara lokaci. Ana tsaka da bayani sai allon ɗakin ya nuna wani jirgi ya shiga filin atisaye ba da izini ba, ya sa wa kansa minti biyu da daƙiƙa 15. Kiɗa ya ja baya, sai numfashinsa a cikin abin rufe fuska, da ƙarar iska, da fuskokin ɗalibansa suna miƙewa tsaye ɗaya bayan ɗaya. A nan ne falo ke yin tsit, har mai latsa waya ya ajiye ta.

Kuma hoton ba na kwamfuta ba ne a mafi yawan wuraren. An ɗora 'yan wasan a kujerar baya ta ainihin jiragen F/A-18, matuƙan sojan ruwan Amurka na tuƙi a gaba, an kafa kyamara shida a cikin ɗakin matuƙi. Sai da suka yi horo na kusan wata uku kafin jikinsu ya iya ɗaukar nauyin da ke danne mutum idan jirgi ya yi kwana da gudu. Don haka idan ka ga kumatun Miles Teller, wanda ya fito a matsayin Rooster, sun zazzago, idonsa ya firfito, ba wasan kwaikwayo ba ne, nauyi ne. Wannan yana da amfani ga mai ƙaramar talabijin, saboda hoton rana ne tarwai, sama shuɗiya, hamada da ƙanƙara, fuska kusa da kyamara. Irin wannan hoton bai cika lalacewa sosai ba ko an matse fayil ɗin. Shi kansa Tom Cruise ba a bar shi ya tuƙa F/A-18 ba, amma tsohon jirgin P-51 da ake gani a ƙarshe nasa ne, shi ke tuƙa kayansa.

Akwai kuma zaman da Maverick ya yi da tsohon abokinsa, wato ɗan wasa Val Kilmer, wanda cutar dajin maƙogwaro ta riga ta tafi da muryarsa a zahiri, aka shigar da hakan cikin labarin: yana rubutu a kwamfuta, Maverick na amsawa da baki. Kilmer ya rasu a Afrilun 2025, kuma wannan ce fitowarsa ta ƙarshe a fim. Wurin bai kai minti biyar ba, amma ya fi ban tausayi a kan fina-finai da yawa da aka yi don a sa mutum kuka.

Aibinsa? Talla ce ta sojan Amurka, ba a ɓoye ba. Ko sunan ƙasar da aka kai wa hari ba a faɗa ba, bos ba shi da fuska, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa. Ta fuskar tarbiyya, akwai zaman mashaya, akwai wasan ƙwallo a bakin teku ba riga, da wani ɗan gajeren wuri a ɗakin Penny, budurwar Maverick, wajen tsakiyar fim. Ba a nuna tsiraici ba, amma ka riƙe rimot a hannu ka tsallake idan akwai manya ko yara.

Oppenheimer kuwa, ba zan ce ba shi da kyau ba. Cillian Murphy, wanda ya fito a matsayin Oppenheimer, masanin da ya jagoranci haɗa bam ɗin ƙare-dangi na Amurka, ya yi ƙoƙari, Robert Downey Jr. ma ya cancanci tasa kyautar. Amma awa uku ne cur, kuma kusan duka magana ce a ɗaki. Daraktan, Christopher Nolan, ya kasa labarin gida uku yana tsalle a tsakaninsu: aikin haɗa bam ɗin ƙare-dangi a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da tuhumar da aka yi wa Oppenheimer a wani ƙuntataccen ɗaki a 1954, da zaman Majalisar Dattawa na 1959 kan Lewis Strauss, abokin gabar Oppenheimer, wannan zaman kuma shi ne ake nunawa a baƙi-da-fari. Masana kimiyya da 'yan siyasa sun fi ashirin, kowa da kwat da hula, ana ambaton sunansa sau ɗaya a wuce. Wanda ya tashi ya ɗebo ruwa ya dawo zai tambayi na kusa da shi wane ne wannan, shi ma na kusan bai sani ba.

Wuri guda ne kowa ke jira, gwajin Trinity, wato gwajin bam ɗin na farko, na ranar 16 ga Yulin 1945 a hamadar New Mexico, kuma sai an doshi awa biyu ake kaiwa. An yi shi da gwaninta: haske ya tashi, sauti ya ɗauke gaba ɗaya sai numfashi, sannan can ƙarar ta iso ta daki mutane, yadda yake a zahiri tunda haske ya riga sauti gudu. A sinima kujera har girgiza take. A sifikar talabijin kuwa kamar an buga ƙyaure ne. Bayan nan saura kusan awa guda na tambaya da amsa, ba a nuna Hiroshima ko Nagasaki ba, kuma a nan ne baƙinka za su fara neman takalmansu.

Matsalar sautin ma tana da dalili. Ana haɗa waɗannan fina-finai ne don sifika shida, magana na fita ta sifikar tsakiya ita kaɗai. Idan talabijin ta cusa su duka cikin ƙananan sifikunta biyu, kiɗa da ƙara sai su hau kan magana. Nolan kuma ba ya son a sake naɗar muryar 'yan wasa a situdiyo bayan an gama ɗauka, ga kiɗan Ludwig Göransson da kusan ba ya tsayawa. Sakamakon shi ne ka ƙara murya don ka ji abin da ake raɗawa, kiɗa ya taso ka rage, haka za ka yi ta yi har dare. Maverick ma don sifikoki da yawa aka haɗa shi, har ya ci Oska ta sauti, amma ko kalma ta wuce ka ba ka rasa labari ba.

Babban abin da masu ba ka shawara ba su faɗa ba: Oppenheimer na manya ne, akwai tsiraici ƙarara a fiye da wuri ɗaya, ɗaya ma a tsakiyar zaman tuhuma yake faɗowa ba zato. A Indiya da wasu ƙasashen Larabawa sai da aka lulluɓe jarumar da baƙar riga ta kwamfuta kafin a nuna. Ba za ka san wane kwafi ne a hannunka ba sai abin ya bayyana a gaban ƙannenka. Ka ajiye shi ka kalla kai kaɗai da iyafis da rubutun ƙasan allo, a zama biyu. A haka zai biya ka.

Tunda Sallah ba kwana ɗaya ba ce, ga sauran. Na yara, The Wild Robot na 2024, bai kai awa biyu ba, labarin wani mutum-mutumi da ya faɗa tsibiri ya reni ɗan dinya, Lupita Nyong'o ce ta yi muryar. Babu abin tsallakewa, sai dai ƙanana za su iya yin hawaye. Na faɗa, John Wick: Chapter 4 na 2023, amma bayan yara sun kwanta, don kisa ne ba ƙaƙƙautawa na kusan awa uku. Abin kallo a ciki Donnie Yen ne a matsayin makaho mai sanda, da faɗan da aka ɗauka daga sama kamar kana leƙa gidan da aka yaye wa rufi, da matakala 222 ta birnin Faris da Keanu Reeves ya hau ya gangaro ya sake hawa. Fast X kada ka ɓata datarka, ko ƙarshe ba shi da shi, a tsakiyar rikici aka yanke.

Dune: Part Two na 2024 ya fi su duka kyan hoto, an ɗauki hamadarsa a Jodan da Abu Dhabi, amma da sharaɗi biyu. Dole ka fara da na 2021, in ba haka ba ba za ka san wa ke gaba da wa ba, su biyun kuma sun haura awa biyar. Sannan yashi da ƙura da duhu su ne abubuwan da matsattsen fayil ya fi ɓatawa, sai ka ga sama ta yi layi-layi, guguwa ta koma dabbare-dabbare. Ka kuma shirya wa musu, domin mutanen hamadar cikin fim suna jiran wani mai ceto da suke kira Mahdi da Lisan al-Gaib, kuma labarin na nuna yadda aka dasa musu wannan imanin don a mallake su. A wani falon wannan hira ce mai daɗi, a wani kuma rigima. Kai ka san naka. Sinners na 2025 na ban tsoro ne, na manya zalla. Na ambace shi ne kawai don Wunmi Mosaku da ta fito a ciki a Zariya aka haife ta.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba. Idan wajen masu tura fim za ka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a buɗe fayil ɗin a gabanka, ka ja shi farko, tsakiya, da minti goman ƙarshe. Wasu na canja sunan fayil su rubuta 1080p, alamar hoto mai kyau, alhali da waya aka ɗauka a cikin sinima. Alamunsa ba sa ɓuya: hoto ya ɗan karkace, baƙi ya koma toka-toka, sauti kamar daga cikin randa, wani lokaci ka ji tari ko ka ga inuwar kai, ga tallar caca na yawo a kan allo. Ka duba tsawon lokacin ma. Oppenheimer da ya nuna awa biyu da rabi an yanke shi, ko turawar ba ta kammala ba. Fim na awa biyu da bai kai 700MB ba zai wuce a waya, amma a inci 43 zai farfashe. Ka nemi abin da ya kama daga 1.5GB zuwa 3GB.

Filash ɗin kansa ma akwai na jabu, an rubuta 64GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64GB, cikinsa kuwa bai fi 8GB ba. Zai karɓi duk abin da aka zuba masa ba musu, sai ka je gida ka tarar fina-finai biyu ko uku na farko ne kaɗai ke buɗewa. Gwajinsa shi ne a cika shi, a zare, a mayar, a buɗe fayil na ƙarshe da aka tura. Idan mai shago ya ce sauri yake, ka karɓi kuɗinka. Filash mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, wasu tsofaffin talabijin kuma ba sa karanta exFAT. Haka nan idan hoto ya fito babu sauti, yawanci sautin DTS ne talabijin ɗin ba ta iya buɗewa. Idan sauti ya fito allo baƙi, fayil ɗin x265 ne, ka nemi x264. Rubutun ƙasan allo kuma sai sunansa ya zama iri ɗaya sak da na fim ɗin, a jaka ɗaya, kafin ya hau. In kana da rajista da ɗaya daga manhajojin kallo na halal ka huta da duk wannan, sai dai ka lissafa data: Netflix na cin kusan 1GB a awa a hoto na talaka, har zuwa 3GB a awa a mai kyau, don haka ka sauke da dare idan layinka na da garaɓasa.

Kafin baƙi su zo, ka shiga saitin hoto ka kashe abin nan mai sa motsi ya yi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion, Sony Motionflow. Shi ne ke sa fim mai tsada ya yi kama da wanda aka ɗauka a gidan biki, kuma a wurin gudun jirgi yana barin wata inuwa a gefen fiffike. Tom Cruise da kansa ya yi bidiyo a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. A saitin sauti kuma ka zaɓi wanda ke ɗaga magana, ka janye talabijin ɗin kamar taƙi ɗaya daga bango tunda sifikunta ƙasa ko baya suke kallo.