Microsoft Flight Simulator ko X-Plane: wanne ya fi sauƙin gano inda matsala take?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Barnawa. Ka ce tun da ka zuba jirgin Airbus na ƙungiyar FlyByWire da wasu filayen jirgi da fenti-fentin jikin jirage a cikin wasan kwaikwayon tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator (MSFS) 2020, wasan ke watso ka waje ba gaira ba dalili. Ka ce kuma Cessna na janye ka hagu duk lokacin da ka ba ta wuta a titin filin jirgin Kaduna, sannan totur ɗin sandar tuƙinka (joystick) yana motsi shi kaɗai ba ka taɓa shi ba. Tambayarka ita ce ko ka haƙura da shi ka sayi X-Plane 12.

Kada ka sayi komai tukuna. Biyu daga cikin ukun nan, jan hagu da motsin totur, suna iya bin ka duk inda ka koma, don ba lallai ne laifin wasan ba. Mutuwar wasan ce wasannin biyu suka fi shan bamban a kanta, kuma bambancin yana da girma.

Mu fara da jan hagu, don shi ne mafi sauƙi. Jirgi mai farfela ɗaya a hanci haka yake yi a zahiri. Farfelar Cessna 172 tana juyawa dama idan kana kallonta daga kujerar matuƙi, sai gangar jikin jirgin ta nemi murɗewa hagu, iskar da farfelar ke turowa baya kuma ta nannaɗe jikin ta bugi wutsiya ta gefen hagu, hanci ya karkata. Ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ƙafar dama suke gyara wannan tun darussan farko. Duk wasannin biyu sun kwaikwayi abin. A MSFS akwai taimakon ruda, wato faifan wutsiya mai karkata hancin jirgi hagu ko dama, na lokacin tashi a cikin Assistance Options, kana iya kunna shi ya riƙe maka. X-Plane kuwa idan ya ga ba ka ɗaura komai a kan ruda ba, shi da kansa zai riƙa ɗan daidaita maka. Ni dai shawarata ka bar taimakon nan, ka ƙara totur a hankali, ka murɗa sandar dama kaɗan har jirgin ya miƙe a layin tsakiya. Kuma idan ka kunna yanayin gaske a watan Maris ko Afrilu ka ga jirgin ya yi nauyin tashi, kada ka zargi sanda. Filin Kaduna ya haura ƙafa 2,000 daga doron teku, ga zafi, iska ta yi shara-shara, injin ba ya samun ƙarfinsa duka.

Totur mai motsi shi kaɗai kuwa a wajen wasa ake bincikarsa. Rufe wasan gaba ɗaya, danna maɓallin Windows da R, rubuta joy.cpl, ka buɗe sandarka. Za ka ga ƙaramin akwati da alamar tarawa a tsakiya, ga wasu sanduna masu launi a gefe. Ɗauke hannunka ka zuba ido. Idan alamar tana tsaye cik, sandar lafiya lau, matsalar tana cikin saitin wasa. Idan tana rawa, ko sandar totur na tsalle sama da ƙasa, to Asobo da Laminar Research, kamfanonin da suka ƙera wasannin biyu, duka ba su da abin da za su yi maka.

Yawancin sanduna masu araha, irin Logitech Extreme 3D Pro, da fotenshiyomita suke aiki, wato irin abin nan na ƙara muryar tsohuwar rediyo da ke ƙarar ƙyas-ƙyas idan ya sha ƙura. Wani ɗan ƙarfe ne ke gogar zoben gawayi a ciki, yau da gobe zoben ya cinye, ga kuma ƙurar hunturu da ba ta barin kowane lungu a garin nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Thrustmaster T.16000M da maganaɗisu yake auna gaba da baya da hagu da dama, babu gogayya, amma murɗin rudarsa shi ma fotenshiyomita ne, mutane da yawa ba su san haka ba. Feshin wanke kayan lantarki yakan kwantar da rawar na wani lokaci. Idan ya ƙi, mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai canja maka in an sami daidai girmansa. Sannan ka riƙa rufe sandar da ƙyalle in ka gama.

Kafin ka kwance ta, yi gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Zare cajar laftof ɗin ka sake kallon akwatin nan. Idan rawar ta tsaya a kan batir, ta dawo da ka mayar da caja, musamman a wutar janareta, to daga wuta take, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa ko cajar ba ta kirki ba ce. Na biyu, cire sandar daga mahaɗar USB mai baki da yawa ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ka kuma shiga Device Manager ka hana Windows kashe ramukan USB da sunan tattalin wuta. Wannan kashewar ce ke sa sanda ta ɓace ana tsakiyar tafiya.

To idan joy.cpl ya wanke sandar fa? Nan aka fara rabuwa. X-Plane ba ya yarda da sabuwar sanda sai ka auna masa ita: ka kai kowane ɓangare ƙarshensa, ka saki ya ga tsakiya. Bayan haka kowane motsi yana da layinsa a allo da ɗan jerin zaɓi a gefe, kana gani da idonka wanne ke yin me, wanda ba ka so ka mai da shi None. Shafi ɗaya ne, an gama. MSFS ya fi yawan ɗakuna. Yana ɗaura wa duk abin da ya gani a jone aiki da kansa, don haka idan akwai hannun Xbox da yara suka bari a jone, shi ma yana riƙe da ruda, sai su riƙa ja-in-ja da sandarka. Shiga Controls Options, bi kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, tace jerin ya nuna waɗanda aka ɗaura kawai, ka tabbatar ruda da totur da birki kowanne wuri ɗaya yake. Sai tarkon da ke kama kusan kowa: umarni iri biyu ne masu kama da juna, na maɓalli da na sanda. Wanda sunansa ya ƙare da Axis shi ne na sanda. Ka ɗaura murɗin sanda a kan Rudder Left da Rudder Right maimakon Rudder Axis, jirgi ya riƙa fizga kamar an mare shi. A shafin Sensitivity kana iya buɗe Dead Zone kaɗan don ya haɗiye ƙaramar rawa, amma in ka buɗe da yawa saukarka ce za ta lalace. Shi kuwa Airbus ɗin FlyByWire yana da nasa awon totur a cikin kwamfutar hannu da ke gefen kujerar matuƙi, in ba ka yi shi ba totur ba zai zauna daidai a CL ba, wato matsayinsa na hawa sama. MSFS 2024 ma ya ƙara raba saitin gida uku, na gama-gari, na nau'in jirgi, da na jirgi guda, wanda ya iya yana jin daɗinsa, sabon shiga kuwa yakan ɓata.

Yanzu ga babbar maganar, mutuwar wasa bayan an sa kayan ƙari.

X-Plane yana rubuta duk abin da ya yi a wani fayil mai suna Log.txt, a babbar foldarsa, ba a ɓoye ba. Buɗe shi da Notepad ka gangara can ƙasa. Sau da yawa zai faɗa maka ƙarara cewa fulogin kaza, wato ƙaramar manhajar ƙari, ne ya kashe shi, ko filin jirgi kaza yana neman wani kundin kaya, irin OpenSceneryX, da ba ka sauke ba. Ka lura dai, duk lokacin da ka sake kunna wasan sabon rubutu ke goge tsohon, don haka ka kwafe shi kafin ka sake buɗewa. Fulogin suna zaune a Resources/plugins, ka fitar da wanda aka ambata ka gwada. Filaye kuma suna Custom Scenery, kuma wani ɗan fayil, scenery_packs.ini, shi ke tsara wanda ke kan wani: na sama ya danne na ƙasa. Filayen da ka sauke su zauna a sama da Global Airports, hotunan ƙasa da shimfiɗar tuddai su koma can ƙarshe. Idan ka ga itatuwa sun tsiro a tsakiyar titin jirgi ko gine-gine sun ɓace, wannan jerin ne ya hargitse. In saiti ne ya ruɗe gaba ɗaya, ka kwashe abin da ke cikin Output/preferences ka ajiye a gefe, wasan ya dawo kamar ranar da aka sa shi.

MSFS ba ya ba ka irin wannan takarda mai sauƙin karantawa. Event Viewer na Windows zai nuna maka sunan fayil ɗin da ya faɗi, amma galibi sunan wasan ne kansa ko direban katin hoto, ba zai ce maka fentin nan ne ba. Abin da yake da shi shi ne foldar Community, inda ake zuba kayan ƙari, da kuma Safe Mode, wanda ke tasowa bayan wasan ya mutu, ya tambaye ka ko ya tashe shi ba tare da kayan waje ba. Idan ya tashi lafiya a haka, ka san ɓarawon yana cikin Community. Ka sani fa, ko wuta aka ɗauke kwamfuta ta mutu, wannan tambayar za ta fito, don wasan dai ya ga ba a rufe shi yadda ya kamata ba. A Kaduna kada ka ɗauki fitowarta a matsayin shaida.

Hanyar kama ɓarawon ita ce rabi-da-rabi. Kwashe rabin foldojin zuwa wani wuri, tashi wasan. Ya mutu, yana cikin waɗanda suka rage; bai mutu ba, yana cikin waɗanda ka fitar. Sake raba rabin da ake zargi. Ko folda 64 gare ka, zagaye 6 ya isa. Wahalar kawai kowane zagaye sai ka jira dogon lodin MSFS. Wata manhaja ta kyauta, Addons Linker, tana rage jigilar, da danna ɗaya kake kunnawa da kashewa. Idan ma ba ka san inda Community ɗinka take ba, don ta Steam daban ta Microsoft Store daban, buɗe UserCfg.opt ka duba layin ƙarshe, InstalledPackagesPath. Sannan ka leƙa cikin kowace folda: dole manifest.json da layout.json su kasance da zarar ka buɗe ta. In folda ce cikin folda, wasan ba zai ga kayan ba sam. A naka lamarin fenti nake fara zargi. Fentin da aka yi wa A320neo na asali ba na A32NX, wato Airbus ɗin FlyByWire, ba ne, kuma tsohon fenti da ba a sabunta ba sananne ne wajen kashe wasa. Jirgin da aka sauko da shi ta bayan fage kuwa ba na ma tsayawa bincikensa, cire shi kawai.

Sai batun data, wanda a wurinmu shi ne rabin hukunci. MSFS 2020 ya fito a Agustan 2020 yana neman wurin ajiya na gigabait 150, kuma yana jawo hotunan ƙasa na Bing ta intanet kana cikin tafiya. Idan babbar sabuntawa ta zo, ba ka tashi sai ka sauke ta, kuma ita ce ke yawan karya kayan ƙari da jiya suke aiki. Kana iya kashe Bing da yanayin gaske a shafin Data, ka ƙayyade abin da zai ci, amma ka kashe abin da ya sa aka saye shi. MSFS 2024, na Nuwamban 2024, ya ma fi dogara da intanet: mafi ƙarancin gudun da suka nema megabit 10 ne, wanda suka ba da shawara 50. Wanda ke jona kwamfuta da wayarsa ya yi lissafi. X-Plane 12, da ya kammala fitowa a Disambar 2022, ƙasarsa a cikin kwamfutarka take, kuma wajen sawa kana iya zaɓar yankinmu kaɗai ka bar sauran duniya. Illarsa, idan kwamfutarka ta gaza hoto 20 a daƙiƙa, sai ya rage gudun lokaci, tafiyar minti 30 ta zama ta fi haka.

Inda MSFS ya yi masa fintinkau shi ne kallo. Ka tashi daga DNKA, wato filin jirgin Kaduna, ka ga kogin Kaduna da layin dogo, ka bi titin Zariya da ido har DNZA, filin jirgin Zariya, ba tare da ka kalli taswira ba. X-Plane zai sa tituna da kogi a wurarensu daga bayanan OpenStreetMap, amma gidajen da zai jera maka ba su yi kama da Rigasa ko Kawo ba. Wanda yawon buɗe ido ya kawo shi, yana da intanet mara yankewa, ba ni da hujjar raba shi da MSFS. Wanda kuma yake son ya cika wasa da jirage da fulogin, ya riƙa gyara da kansa ba ya jiran kowa, X-Plane ya fi masa kwanciyar hankali, ga Boeing 737 na Zibo kyauta.

Kai da ka riga ka biya kuɗin MSFS, ka zauna a kansa ka yi rabi-da-rabin nan tukuna. X-Plane yana da na gwaji kyauta mai ba ka minti 15 a kowane tashi, ka sauke shi ka ga yadda sandarka ke yi a can, ka kuma ga ko kwamfutarka za ta ɗauke shi kafin a kai ga maganar dala. In har sandar ce ta ƙare kuma ta hannu za ka saya, ka tafi da laftof ɗinka wurin mai sayarwa, ka buɗe joy.cpl a gabansa, ka murɗa ruda ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ja totur a hankali ka ga ko yana tsallake wani wuri, sannan ka saki hannu na minti ɗaya kafin ka fara ciniki.