Makin ShebaMiles ya kai mu Zanzibar

Ni 'yar kasuwa ce a unguwar Nima da ke Accra, kuma sarin kaya a Guangzhou ne ya tara mini maki a ShebaMiles, tsarin ladan yawan tafiya na kamfanin jirgin sama na Ethiopian Airlines. Da makin na yanki tikiti biyu, ni da Alhaji, daga Accra zuwa Zanzibar ta Addis Ababa.

Kada wani ya ce miki kyauta ce, Hajiya. Maki kuɗin kujera kawai yake biya, harajin filin jirgi kuwa daga aljihunki zai fito. Ga inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, ga katin rigakafin shawara. Kujerun maki kaɗan ake warewa a kowane jirgi, shi ya sa na kauce wa Disamba, na nema tun da sauran watanni.

Tsibirin kuwa ya biya ni. Masallatai a ko'ina cikin Stone Town, tsohon garin Zanzibar, ba sai kin tsaya tambayar halal ba, gasasshen kifin kasuwar Forodhani da dare har Alhaji ya manta da waakye, shinkafa da waken Ghana. Ruwan bakin tekun Nungwi garau yake, kina hango ƙafarki a ciki.

Wadda ba ta yawan tafiya, makin ba zai taru mata ba. Gara ta jira rangwamen tikiti.