Hattara matan Sakkwato: masu tallar "sabuwar fuska" sun shigo gari

Iyayena mata da 'yan uwa, don Allah a tura wa kowa. Akwai wata mata da ke talla a WhatsApp, wai tana kawo likita daga ƙasar waje ya yi tiyatar ɗame fuska, a haɗa da ruwan sale fata rana ɗaya, aiki biyu kuɗin ɗaya. Za ta karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ta aiko da kwalba babu suna babu lambar NAFDAC, ta ce a fara shafawa kafin likita ya iso. Wurin aikin ma gidan haya ne.

Ɗiyar maƙwabciyata ta shafa. Kumatunta suka kumbura, fatar ta saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, har gyalenta yana mannewa a ciwon. Da uwar ta kira, sai aka ce mata, "Hajiya ki kwantar da hankali, tsohuwar fata ce ke fita." Daga nan lambar ta daina shiga.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da take tallatawa a matsayin garaɓasa. A tiyatar ɗame fuska ana yanka ta gaban kunne, a raba fata da naman da ke ƙarƙashinta sannan a ja. Jinin da ke kaiwa ga wannan fatar yana raguwa sosai. A zuba mata sinadari mai ƙarfi a wannan hali, fatar tana iya mutuwa ta yi baƙi, shi ya sa ƙwararru ke kaffa-kaffa da hakan ko a asibiti. Mafi ƙarfi a cikin ire-iren ruwan sale fata, wato fenol, yana ratsa fata ya shiga jini ya dagula bugun zuciya, sai da na'urar lura da zuciya ake amfani da shi. Ga fatarmu da saurin yin tabo, ga ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a Afrilu.

Duk wanda zai taɓa fuskarki da wuƙa, ki nemi shaidar rajistarsa da hukumar likitoci ta MDCN, ki ga asibitin da idonki. Wadda ta riga ta shafa kuma tana jin zogi, ta wanke da ruwa mai yawa, kada ta sa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. A kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yau, a tafi da kwalbar.