Kine na unguwar Zariya: ga mai ciwon baya da aka ce mishi sai operasiyon

Jama'a salamu alaikum, wanga bayani na wurin kine ne, wato mai yi ma mutane magani da motsa jiki, da ni ke zuwa nan Maradi unguwar Zariya, don masu ciwon ƙugu irin nawa, wanda likitoci ke ce ma erni diskal, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɓullo ya danne jijiya, zahin ya bi ɗuwawu ya sauka har ɗan yatsan ƙahwa, ko ruku'u ba ka iyawa.

Abin da ya sa na yarda da mutumen ga, bai yi min ƙarya ba. Ya duba hoton sikanar ɗina ya ce Malam naka L5-S1 ne, wato guringuntsin da ke can ƙasan baya, kuma can da L4-L5 da ke bisanshi ne mahi yawan ciwon ke hitowa, ba ni da hannun da ke maida guringuntsi wurinshi, jikinka ne ke cinye wanda ya hito sannu sannu, galibin mutane suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Har ya ce wanda ya hito da yawa ma ya hi saurin shanyewa, wallahi na yi mamaki.

Aikin nashi motsa jiki ne, kwanciya rub da ciki ka ɗaga ƙirji bisa gwiwar hannu, tahiya ƙasa kullum, yadda za ka ɗauki buhu ka durƙusa da gwiwa ba ka duƙa da baya ba, ya hana ni kwanciya wuni guda da doguwar tahiya bisa kabu-kabu, kun dai san ramukan hanyoyinmu. Maganin ƴan tebur kuwa ya ce in rabu da shi, diklofenak kullum yana ɓata ciki da ƙoda, tramol kuma mun ga abin da ya yi ma samarinmu.

Inda ban ji daɗi ba, jira ya yi yawa, benci ne na katako ga mai ciwon baya fa! Kuma babu mace kine, mata da dama za su ji nauyi.

Amma don Allah ku riƙe wanga, shi da kanshi ya ja min kunne, in hitsari ya ƙi hita ko yana zubowa ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙahwa ta fara ja ƙasa, ba maganar kine ko ƙaho ba ce, asibiti za ka tahi ran nan ran nan.