K24 ko 1UZ a cikin MX-5: amsa ga ɗan'uwanmu na Agege

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wane inji za ka dasa wa motarka a madadin na cikinta. Tunda motar Mazda MX-5 ce ƙirar 2001 mai inji lita 1.8, kuma zaɓin naka tsakanin injin K24 na Honda ne da injin 1UZ na Lexus LS400, to ka sa K24. Amma ba kowane K24 ba, kuma a nan ne ake cutar mutane.

Injin da ke cikinta yanzu yana ba da ƙarfin doki wajen 140. K24A2, wanda ya zo a Acura TSX daga 2004 zuwa 2008, yana ba da 200 zuwa 205 ba tare da an taɓa cikinsa ba. Jikinsa na alminiyam ne, na Mazda kuwa zubin ƙarfe, shi ya sa duk da ya fi girma nauyinsu kusan ɗaya ne. Gaban motar ba zai yi nauyi ba, sitiyarin zai ci gaba da bin hannu a kwana, wanda dama don shi ake son wannan motar. Inji ne mai daɗin sha'ani: sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba, yana jan mota tun daga ƙasa, idan kuma VTEC (tsarin Honda mai ƙara buɗe bawul idan inji ya ɗauki juyi) ya buɗe sai ya hau har ya wuce juyi 7,000 a minti cikin murya mai daɗi. Kuma saboda yawan Accord 2003 zuwa 2007 a Legas, fulogi, koyil da mafi yawan gasket duk za ka same su a kasuwar kayan mota ta Ladipo da rana tsaka.

Aikin dai ba na ɗauka a dasa ba ne. A Honda injin a gicciye yake kwance, a Mazda kuwa a miƙe zai zauna daga gaba zuwa baya yana tura ƙafafun baya. Kana buƙatar farantin da zai haɗa shi da giyabos na Mazda tare da fulawil ɗinsa, sai kuloci mai ƙarfi. Giyabos ɗinka da aksul na baya za su ɗauki doki 200 lafiya, wannan kaɗai ya rage maka kashe kuɗi mai yawa. Kaskon bakin mai na asali yana karo da ƙarfen sitiyari, don haka sai an sauya shi, a cire famfon bakin mai na K24 mai ɗauke da sandunan daidaita girgiza, a sa na injin Honda K20A2. Bayan haka za ka ɗan ji girgiza a tsaye, ba matsala ba ce. Bakin shaƙar iska zai fuskanci bangon gaban direba idan aka juya injin, sai an samo manifol mai kallon gaba. Hayaƙi kuma ta dama yake fita, na Mazda ta hagu, dole mai walda ya ketaro da bututun ta ƙasa zuwa layin salansa. Kwamfutar TSX tana neman makullinta na asali kafin ta tayar da inji, shi ya sa ake amfani da ta Acura RSX 2002 zuwa 2004 mai Hondata K-Pro (na'urar da ke ba da damar saita ta), ko a sa kwamfutar kamfanin Haltech ko Link. Farantin, kaskon da mazaunin injin ka yi odarsu a haɗe daga waje. Idan aka ƙera farantin da ido ya kauce ko da rabin milimita, zai riƙa cin beyarin giyabos kana canzawa ba ka san dalili ba.

1UZ inji ne mai ƙarko, ba a musu, silinda takwas, lita 4.0, doki 250 zuwa 290 gwargwadon shekara. Sai dai faɗinsa ya yi wa wannan bonet yawa, yana matse sandar sitiyari da tukunyar birki. Da giya mai sarrafa kanta kawai ya fito, sai ka nemi wani giyabos, ka yanka farfela, ka canza aksul na baya gaba ɗaya, ka buga ramin giya da guduma. Kik ɗinsa ma a ƙarƙashin manifol yake. Ka sa duk wannan a cunkoson gadar Third Mainland ƙarfe shida na yamma, zafi ba shi da hanyar fita.

Ba ka tambaya ba, amma ka ji wannan kafin ka shiga kasuwa. Wasu masu sayarwa da 'yan kamashonsu za su nuna maka K24A4 ko K24A8 na Accord su rantse TSX ne, don daga waje kamar an tsaga kara suke. Waɗancan doki 160 zuwa 166 ne, VTEC ɗinsu na tsimin mai ne, a ɓangaren shigar iska kaɗai yake aiki. Ka duba lambar da aka buga a jikin bulok kusa da inda giyabos ke haɗuwa, ka shafa da yatsa, in ka ji alamar an goge da faifan gurza ka wuce. A jikin tof silinda ka nemi rubutun RBB, shi ne na TSX. RAA na Accord ne, PPA na CR-V. Wanda aka shigo da shi daga Japan K24A kawai ake rubutawa, to nan tof ɗin ne shaidarka. Ka sa a buɗe murfin sama a gabanka: a ɓangaren hayaƙi ka ga tudu uku a kan kamshaf ga kowace silinda. Idan ka ga baƙin dasƙararren mai kamar kwalta, an ƙuntata wa injin. Wanda kuma aka wanke cikinsa fes har yana warin fetur, ɓoye wani abu ake yi. A cire fulogi huɗun, a juya karanshaf da soket 19, ya juya sumul ba tsayawa. A rubuta maka lambar injin a rasit da kwanakin garanti, kuma ka auna matsin silinda da zarar an ɗora shi, kafin kwanakin su cika. Bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Wajen haɗawa, ka sa lagireto na alminiyam mai kauri da fanka biyu masu rufi. Kada ka yarda bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye yadda aka saba, kwamfuta za ta ɗauka injin bai ɗumi ba ta yi ta zuba mai. Matatar iska ta zauna can sama kusa da fitila. Idan ta yi ƙasa, ruwan damina a hanyar Lekki zai shiga silinda ya lanƙwasa konrod (sandar fistin) nan take. K24 dogo ne, kaskonsa kusa da ƙasa yake, saboda haka kada ka rage nisan motar da ƙasa, ka sa faranti na kariya saboda ramuka. Ma'aunin matsin K24A2 (compression ratio) 10.5 zuwa 1 ne, fetur ɗinmu kuma ba kullum yake daidai ba, mai saita kwamfuta ya rage wuta kaɗan ya bar na'urar jin ƙwanƙwasa tana aiki.

In an gama, ka kai rasit ofishin lasisin motoci a gyara lambar inji a takardunka kafin ka hau titi da ita.